Shan Inna da Tarihin Jijiya: Tambayar da Ta Ɗauki Ƙarnoni Kafin a Amsa Ta

Hasumiyar Gobarau, wadda ke tsaye a tsakiyar birnin Katsina da tsayin kimanin mita 15, ita ce abin da ya saura na wani masallacin Juma'a da tarihin baka ke danganta gininsa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, a ƙarni na 15. A wancan zamani ne Katsina ta shiga sahun biranen ilimi na ƙasashen Sudan. Shaihu al-Maghili ya zo ƙasar Hausa a wajen 1493, Jalaluddin al-Suyuɗi ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙar nasiha daga Alƙahira, daga baya kuma birnin ya fitar da malamai irin su Ɗan Masani da Ɗan Marina. An karanta fiƙihu da nahawu da hisabi, har wani Bakatsine, Muhammad al-Kashinawi, ya yi suna a Masar da rubuce-rubucensa kan lissafi kafin ya rasu a can a 1741.

Duk da wannan zurfin karatu, akwai tambayar da kan taso a cikin gidajen birni da ƙauye, wadda babu malamin da ke da cikakkiyar amsarta a lokacin, a Katsina ko a Alƙahira ko a Turai. Yaro zai yi zazzaɓi na kwana biyu ko uku, zazzaɓin ya sauka, sai a wayi gari ƙafarsa ɗaya ta saki. Cutar tsohuwa ce, domin akwai wani allon dutse na Masar, mai shekaru fiye da 3,000, da ke nuna mutum da motsattsiyar ƙafa yana dogara sanda. Hausawa suka sa mata suna shan inna, bisa imanin cewa wata iska da masu bori ke kira Inna ko Doguwa ce ke shanye jinin gaɓar. Masaniyar al'adu Elisha Renne, wadda ta yi bincike a Zariya, ta nuna a littafinta na 2010 cewa wannan fassara tana nan da ranta a tsakanin mutane da yawa.

An yi kuskuren dalili, amma iyaye ba su yi kuskuren lura ba. Sun ga abubuwa uku. Ƙafar tana saki, sannan ta riƙa ƙanƙancewa. Yaron yana jin taɓawa da mintsini a wannan ƙafar da ba ya iya ɗagawa. Hankalinsa kuwa garau yake, yana haddace allonsa kamar kowa. Tarihin ilimin jijiya, daga Jalinusa zuwa tsakiyar ƙarni na 20, shi ne ya bayyana waɗannan abubuwa uku ɗaya bayan ɗaya.

Bututun da ba kowa ya gani ba

Kalmar jijiya a Hausa tana ɗauke da ma'ana uku: hanyar jini, da igiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi, da kuma farin zaren da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Tsoffin Girkawa ma haka suka cakuɗa su, domin kalmarsu da ta haifi sunan niyuron asalinta tana nufin igiyar tsoka. Herofilus, wanda ya yi aiki a Iskandariyya a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, yana cikin waɗanda suka fara rarrabe su, ya kuma gane cewa jijiyar motsi daban take da jijiyar ji.

Jalinusa, likitan daular Rum a ƙarni na 2, ya tabbatar da muhimmancin jijiya a bainar jama'a. Yakan kawo dabba tana ihu, ya yanke wata siririyar jijiya a wuyanta, sai ihun ya ɗauke nan take alhali dabbar tana numfashi. Ya koyar cewa jijiyoyi bututu ne masu rami, kuma wani tururi mai laushi da ake sarrafawa a cikin ƙwaƙwalwa yana bin su ya hura tsoka ta motsa. Hunain ibn Ishaƙ ya fassara ayyukan Jalinusa zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9, likitocin Musulmi suka kira tururin ruhu nafsani, wanda ya bambanta da ruhin da malaman tauhidi ke magana a kai. Ibn Sina, a cikin Al-Ƙanun da ya kammala a 1025, ya rarrabe jijiyar saƙo da igiyar tsoka, ya kuma bayyana shanyewar gaɓa da cewa wani danshi ne ke toshe bututun, ya hana tururin isa inda aka aike shi.

Wannan ita ce amsa mafi ƙarfi da duniyar masu rubutu da Larabci ke da ita a zamanin da ake karatu a Gobarau, kuma ita ce ake koyarwa a jami'o'in Turai har cikin ƙarni na 17. Abin lura shi ne kusancinta da fassarar Hausawa. Dukansu biyu suna ganin wani abu mai gudana ne ya kamata ya isa ƙafa bai isa ba, ko an sha shi, ko an tare masa hanya. Dukansu kuma sun kasa bayyana dalilin da ji zai saura bayan motsi ya tafi, in ba da hasashe ba.

Minjirya da kwaɗo

Masuntan ƙasar Hausa sun daɗe da sanin wani kifi da ke nuna alamar amsar. Minjirya takan girgiza hannun wanda ya taɓa ta, har hannun ya mutu na ɗan lokaci, kuma ƙarfin jan babbarta yakan kai volt 350. Abdullaɗif al-Bagadadi ya siffanta irinta a kogin Nilu a wajen shekara ta 1200. Babu wanda ya san sunan ƙarfin da ke cikinta sai da Turawa suka fara tara lantarki a cikin tuluna a ƙarni na 18, suka ji girgizar iri ɗaya ce.

A 1791 Luigi Galvani na Bolonya, a Italiya, ya wallafa gwajinsa da ƙafafun kwaɗo: idan lantarki ya taɓa jijiya, ƙafar tana zabura ko da an raba ta da jiki. A 1850 Hermann von Helmholtz na Jamus ya auna saurin saƙon a jijiyar kwaɗo, ya samu kimanin mita 27 a daƙiƙa guda, wato kusan kilomita 100 a awa, gudun mota a kan kwalta mai kyau. Wannan awo ya canja tunani ƙwarai. Abin da ake ɗauka na gaibu ne ya zama abin da agogo ke iya kamawa, kuma jinkirinsa ya nuna cewa ba irin gudun lantarki a cikin waya ba ne, wani aiki ne da jijiyar kanta ke yi taki bayan taki.

Minjirya ta sake shiga labarin a 1857. A shekarar Theodor Bilharz, likitan da ya gano tsutsar tsargiya a Alƙahira, ya wallafa bincikensa kan kifin, inda ya nuna cewa zaren jijiya ƙwaya ɗaya tal ne ke ba da umarni ga dukan ɓangaren lantarki na kowane gefen jikinsa. A wannan shekarar kuma aka kai wa Emil du Bois-Reymond minjiryoyi masu rai daga Afirka ta Yamma zuwa Balin, ya yi gwaje-gwajensa a kansu.

A gefe guda masana ƙirar jiki suna bin diddigin laka, wato farar igiyar da ke cikin ƙashin baya. Charles Bell a 1811 da François Magendie a 1822 sun kai ga gano cewa jijiyoyin motsi suna fita ta gaban laka, na ji kuma suna shiga ta bayanta. Hanyoyi biyu ne ke nan, masu ƙofa daban-daban. A 1870 Jean-Martin Charcot da abokin aikinsa a Faris suka duba lakar wadda ta rayu da shan inna tun ƙuruciya, suka tarar manyan ƙwayoyin halittar da ke sashen gaba sun ɓace.

Taru guda ko ɗaiɗaikun ƙwayoyi

Saura a san mene ne waɗannan ƙwayoyi, da yadda suke haɗuwa. A ƙarƙashin madubin likita ƙwaƙwalwa kamar kunu take, babu farko babu ƙarshe. A 1873 Camillo Golgi, yana aiki a ɗakin girkin wani asibiti kusa da Milan, ya haɗa wani rini na azurfa mai wata baiwa: yakan rina 'yan ƙwayoyi kaɗan baƙi ƙirin daga kai har ƙafa, ya bar sauran fes. A karon farko aka ga surar ƙwayar jijiya. Tana da cibiya, da gajerun rassa masu yawa kamar na itacen kuka, da dogon zare guda da ke fita daga gefe.

Golgi ya yi imani cewa zarurrukan duk a haɗe suke, kamar tarun masunta. Santiago Ramón y Cajal na Sifaniya ya karɓi rinin a 1887, ya inganta shi, ya yi amfani da ƙwaƙwalwar 'yan tsuntsaye da ƙananan dabbobi, ya ga akasin haka. Kowace ƙwaya tana da iyakarta. Rassa ne ke karɓar saƙo, cibiya ta tattara, dogon zare ya kai shi gaba, ya tsaya dab da ƙwaya ta gaba ba tare da ya narke a cikinta ba. A 1891 Wilhelm Waldeyer ya yaɗa sunan niyuron, a 1897 Charles Sherrington ya sa wa mahaɗar suna sinafs. An ba Golgi da Cajal kyautar Nobel tare a 1906, kowannensu ya hau mumbari a Sitokholm ya kare ra'ayinsa. Sai a tsakiyar shekarun 1950, da madubi mai aiki da lantarki, aka ga giɓin ido da ido, gaskiyar Cajal ta tabbata. Idan aka raba milimita ɗaya gida miliyan, faɗin giɓin bai wuce kashi 20 zuwa 40 ba.

Yaya saƙo ke tsallake shi? A 1921 Otto Loewi, a garin Graz na Ostiriya, ya ɗauki zukatan kwaɗi biyu. Ya tsokani jijiyar ta farko har bugunta ya ragu, ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyu, sai ita ma ta rage bugu. Ke nan jijiya sinadari take fitarwa. Aikin Henry Dale ya taimaka aka gane sinadarin asetilkolin ne, suka raba kyautar Nobel a 1936.

Yadda saƙo ke tafiya

Alan Hodgkin da Andrew Huxley ne suka warware sauran, a Ingila, da zaren jijiyar wata halittar teku mai kauri har a iya zura masa siririyar waya. Sun fara a 1939, yaƙi ya katse su, suka wallafa sakamakon a 1952.

Ƙwayar jijiya tana zaune ne a cikin ruwa mai gishiri. Fatarta tana da 'yan famfuna da ke aiki dare da rana, suna fitar da sodiyam uku waje, suna shigo da fotasiyam biyu ciki. Wannan rabo ya sa cikinta ya gaza wajenta da kimanin milivolt 70, kamar ƙaramin batir da aka cika. Idan tsokana ta kai wani mizani, sai ƙofofin sodiyam su buɗe, sodiyam ya kwararo ciki, awon ya juye. Nan da nan ƙofofin fotasiyam su buɗe, abu ya koma yadda yake. Duk wannan yana faruwa a kimanin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Juyewar wuri ɗaya ita ke buɗe ƙofofin da ke gabansa, haka saƙon ke bin zare kamar wutar daji a busasshiyar ciyawa, ba ya raguwa komai nisan tafiya.

Bugun ba shi da babba da ƙarami: ko ya tashi gaba ɗaya, ko bai tashi ba. Bambancin shafa da mari yana cikin yawan bugun a daƙiƙa da yawan ƙwayoyin da suka amsa. Wasu zarurruka suna naɗe da wani kitse mai suna mayelin, wanda ke sa saƙon ya riƙa tsalle daga gaɓa zuwa gaɓa har ya kai mita 120 a daƙiƙa. Marasa naɗi kuwa ba su cika wuce mita 2 ba. Shi ya sa wanda ya yi tuntuɓe yakan fara jin bugun dutsen, sai bayan ɗan lokaci raɗaɗin ya iso.

Idan bugun ya isa ƙarshen zare, kalsiyam yakan shiga, wasu 'yan jakunkuna su fashe su zubar da sinadari a cikin giɓin, sinadarin ya kama makullansa a fatar ƙwaya ta gaba. Wani sinadarin zuga yake yi, wani kuma kwantarwa. Ƙwaya ɗaya tana iya karɓar dubban irin waɗannan saƙonni lokaci guda, kuma sai zuga ta rinjayi kwantarwa har ta kai mizani sannan ta buga nata. Ana ba da labarin cewa Gobarau ta yi aikin hasumiyar tsaro, inda ake hango ƙurar mahara daga nesa. Mai gadin da ya san aikinsa ba ya ta da gari saboda ƙura guda. Yakan haɗa abin da ya gani da abin da aka faɗa masa, in ya gamsu ya yi shela, na gaba ya ji ya auna shi ma. Ƙwaƙwalwar mutum tana da irin waɗannan masu gadi kimanin biliyan 86, kuma ko da yake nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na kuzarinsa.

Abin da ake sha

Da wannan ilimi, abubuwa ukun da iyaye suka lura da su sun fito fili. Umarnin ɗaga ƙafa yana tashi daga ƙwaƙwalwa, ya sauko cikin laka, ya miƙa wa ƙwayar motsi da ke sashen gaba. Zaren wannan ƙwaya, wanda a jikin babban mutum kan kai tsawon mita guda, shi ne ke isa tsoka ya zuba mata asetilkolin. Ƙwaya ɗaya tana iya riƙe ɗaruruwan zarurrukan tsoka, kuma babu wata hanyar da umarni zai bi in ba ta kanta ba.

Ƙwayar cutar foliyo, wadda Karl Landsteiner da Erwin Popper suka gano a Biyena a 1908, tana shiga ta baki ne da gurɓataccen ruwa ko abinci, ta hayayyafa a hanji. Yawancin yaran da suka kamu ba sa nuna wata alama. A kimanin ɗaya cikin 200 takan kai ga laka ta hallaka ƙwayoyin motsi, ta bar shanyewar da ba ta warkewa. Tsokar da ta daina samun saƙo sai ta motse, ƙashin ya rage girma, ƙafar ta gajarce ta yi sanyi. Jini yana nan yana zagayawa, umarni ne ya yanke. Ƙwayoyin ji kuwa cibiyoyinsu a wajen laka suke, ta ƙofar baya, cutar ba ta cika taɓa su ba, don haka yaron ke jin mintsini. Sassan tunani da harshe suna can sama lafiya lau. Idan cutar ta hau zuwa ƙwayoyin da ke tafiyar da numfashi ne take kisa, kuma hakan na samun kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na waɗanda suka shanye.

Ilimin ya kuma bayyana wani ƙorafi da aka saba ji, cewa allura ce ta shanye ƙafar yaro. Hakan na faruwa ta hanya biyu. Allurar da aka soka a ɗuwawu ba bisa ƙa'ida ba tana iya raunata babbar jijiyar da ke gangarawa ƙafa, kuma a nan ji yakan tafi tare da motsi. Ko kuma yaron yana ɗauke da foliyo a lokacin da aka yi masa allurar zazzaɓi, raunin tsokar ya sauƙaƙa wa ƙwayar cutar bin zaren jijiya ta hau zuwa laka. Wannan dalili ne babba na guje wa allurar da likita bai rubuta ba ga yaro mai zazzaɓi.

Akwai kuma hukunci mai nauyi. Zaren da ya tsinke a hannu ko ƙafa yana iya sake tsirowa, kimanin milimita ɗaya a rana, muddin cibiyarsa tana raye. Cibiyar da ta mutu kuwa ba ta da magaji, domin ƙwayar motsi ba ta rabuwa ta haifi wata. Sauƙin da akan gani a watannin farko yana zuwa ne daga ƙwayoyin da suka tsira, waɗanda ke fitar da sababbin rassa su ɗauki tsokar da ta zama marainiya. Gashi da motsa jiki da takalmin ƙarfe suna taimaka wa wannan aiki, suna hana gaɓa ƙagewa. Bayan shekaru 15 zuwa 40 wasu daga cikin waɗannan ƙwayoyi sukan gaji da kayan da ya fi ƙarfinsu, rauni ya dawo wa mutum yana babba.

Abin da ya rage

Tunda babu maganin da ke ta da ƙwayar da ta mutu, yaƙin duka ya koma kan hana cutar isa laka. Rigakafin Jonas Salk na allura ya fito a 1955, na Albert Sabin na ɗigo a farkon shekarun 1960. A 1988, lokacin da ƙasashen duniya suka ƙudurta kawar da foliyo, tana shanye yara kimanin 350,000 a shekara a ƙasashe 125.

Arewacin Nijeriya ya zama ɗaya daga wuraren da aikin ya fi wuya, kuma zargin mutane yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya shafi yara 200 a Kano, 11 suka rasu, shari'a ta biyo baya. A 2003 jita-jitar cewa ɗigon yana hana haihuwa ta sa aka dakatar da rigakafi a wasu jihohi, Kano ba ta koma ba sai Yulin 2004. A 2006 an samu yara 1,122 da cutar ta shanye a Nijeriya, kuma irin ƙwayar ya bazu zuwa ƙasashe kusan 20, har Yaman da Indonesiya. Katsina na cikin jihohin da cutar ta daɗe a cikinsu. Al'amarin ya fara juyawa bayan 2009, da sarakunan Arewa ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar suka ɗauki aikin a wuyansu. An biya farashi mai tsada, har da rayukan ma'aikatan rigakafi tara da aka harbe a Kano a Fabrairun 2013. An ga foliyon daji na ƙarshe a Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da shi.

Sai dai ƙofa ba ta rufu ba. Ɗigon yana ɗauke da ƙwayar cuta da aka raunana. Inda yawancin yara suka karɓa, ba ta samun wurin zama. Inda aka bar yara da yawa ba rigakafi, takan yi ta yawo daga hanji zuwa hanji na tsawon watanni har ta sake yin ƙarfi. A 2021 irin wannan ya shanye yara fiye da 400 a Nijeriya, kuma jihohin Arewa maso Yamma, inda rashin tsaro ke hana ma'aikata shiga ƙauyuka, su ne suka fi fama da shi a shekarun da suka biyo baya. A wannan shekarar ce aka fara amfani da sabon ɗigo da aka tsara don ya yi wuyar rikiɗewa.

Ƙa'idar sa ido ba ta canja ba. Duk yaron da bai kai shekara 15 ba, wanda hannunsa ko ƙafarsa ta saki farat ɗaya, ana buƙatar a sanar da jami'in lafiya na ƙaramar hukuma, a ɗebi bayan gidansa sau biyu cikin kwana 14 don gwaji. Yaro ɗaya da ya shanye alama ce ta wasu ɗaruruwa a unguwar da ke ɗauke da ƙwayar ba tare da an sani ba, kuma kowannensu yana da ƙwayoyin motsin da aka haife shi da su ne kawai.